Ku Tambaya: Mawaƙin Ƙauye da Alawus ɗin 'Yan Siyasa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙasar Jahun, jihar Jigawa. Gidanmu gidan kiɗa ne. Kakana gangar noma ya kaɗa, mahaifina da kalangu ya ciyar da mu, ni kuma na koma waƙar fiyano a situdiyo. A zaɓen da ya wuce na yi wa wani ɗan takara waƙa, ta karɓu, ya ci zaɓe, ya saya mini babur. Tun daga nan mutanen ɗaya jam'iyyar suka daina kira na biki, har gidan kawuna. Yanzu kuma yaran mai gidan sun ce in yi wa abokin hamayyarsa zambo, in taɓo asalinsa, za a sa sunana cikin masu karɓar alawus duk wata. Mahaifina ya ce kada in kuskura. Ni ko ina ganin ai tun fil azal makaɗa da masu mulki tare suke. In ba wannan ba, wane amfani gwamnati take yi wa mawaƙi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka bi maganar mahaifinka, kada ka yi zambon nan. Amma tun da ka kawo hujja, bari mu dube ta, domin rabinta gaskiya ce.

Tabbas makaɗa da masu mulki sun daɗe tare. Ibrahim Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, Salihu Jankiɗi ya yi Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, kuma su ma sun yi wa 'yan'uban sarakunansu zambo mai zafi. Sai dai ka lura da irin zaman da suka yi. Sarki shi ke ɗauke da cin makaɗinsa da shansa da suturarsa, ya ba shi doki, ya ba shi gida, ya yi masa aure, in makaɗin ya rasu ɗansa ya gaje shi a ƙofar fadar nan. Zama ne na har abada, kowa ya san haƙƙin da ke kansa. Naka mai gidan shekara huɗu aka ba shi. Yana iya faɗuwa, yana iya sauya sheƙa, kuma abin da ya fi faruwa, wata rana ka wayi gari ka ga hotonsa suna rungume da wanda ka zaga, an yi sulhu a Dutse ko Abuja ba wanda ya tuna da kai. Su sun shirya, kai ko an bar ka da 'ya'yan mutumin da jikokinsa, waɗanda za ka riƙa haɗuwa da su a kasuwa da wurin jana'iza.

Waƙar siyasa ita kanta ba abin kunya ba ce, kuma ban ga laifinka a waƙar farko ba. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, waƙa tana cikin manyan makamanta, domin talakan da bai iya karatun boko ba yana iya haddace baiti ya tafi da shi gona. Abokiyar hamayyarta, jam'iyyar NPC, ita ma tana da nata mawaƙan. Malam Sa'adu Zungur ya yi waƙa yana auna makomar Arewa tsakanin jamhuriya da mulukiya, wato mulkin sarauta, Mudi Sipikin ya mayar masa da amsa a waƙe, ya ce shi jamhuriya ya zaɓa. Mu'azu Haɗeja, na nan jiharku, shi ma ya shiga wannan fage da alƙalaminsa. Mutanen nan ra'ayi suke karewa, kuma 'yan NEPU da yawa sun sha ɗauri da bulala a kan nasu. Kai fa, wane ra'ayi ne a cikin cewa kakan wane ba ɗan gari ba ne? Ba rijiya a ciki, ba taki, ba asibiti. Cin mutunci ne kawai, kuma mai biyan kuɗin ya san ba zai iya faɗa da bakinsa ba, shi ya sa yake neman naka.

Akwai kuma abin da ya bambanta zamaninka da na mahaifinka. Da can in makaɗi ya yi habaici a dandali, waɗanda ke wurin ne suka ji, in an kwana biyu zance ya lafa. Taka waƙar daga situdiyo sai wurin mai cajin waya, ya tura wa duk wanda ya kawo memori, kafin mako ta isa Maigatari da Gujungu, ta hau TikTok. Ko bayan shekara goma ka yi nadama ba ka da yadda za ka janye ta.

Yanzu ka koma ka dubi sana'ar kakanka da kyau, don a nan amsar take. Ranar gayya yana bin samari kunya-kunya da ganga a rataye, duk wanda ya ga ya fara sanyi sai ya kira taken gidansu, ka ga saurayi ya zabura ya wuce na gabansa. Da kaka ta yi, wannan ya aiko da damin gero, wancan da dawa, wani da kaza. Iyayen gidansa gari ne guda. In ɗaya ya yi fushi, saura na nan. Kai ka tashi daga mai iyayen gida ɗari ka koma mai ubangida ɗaya, kuma tun kafin ka yi zambon ka fara ganin sakamako: bukukuwan rabin gari sun kuɓuce maka. Zauna ka yi lissafi da alƙalami, abin da biki da suna suke kawo maka a shekara, ka ajiye shi gefen alawus ɗin da ba takarda, wanda ranar da aka ga dama za a tsayar.

Mamman Shata ya yi siyasa tsundum, har shugabancin jam'iyya ya riƙe a Funtuwa, amma bai taɓa barin direbobi da manoma da 'yan kasuwa ba, shi ya sa ba gwamnatin da ta iya riƙe masa wuya har ya rasu a 1999. Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa ya shiga zukatan mutane, ba da kujerar wani ba.

Ka tambayi amfanin gwamnati ga mawaƙi. Akwai, kuma haƙƙinka ne ka nema. Lokacin da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, da lokacin da aka bar fam da sule aka kama naira da kwabo a 1973, da waƙa aka wayar da kan jama'a a rediyo. Irin wannan aikin bai ƙare ba. Duk damina ruwan kogin Haɗeja yana barazana ga ƙauyukanku, ana bukatar mai gaya wa mutane su tashi da wuri. Akwai rigakafin yara, akwai sa 'ya'ya mata makaranta, akwai rikicin manoma da makiyaya. Ku haɗu ku mawaƙan yankin, ku je sashen yaɗa labarai na ƙaramar hukuma da waƙa a hannu, ku ce ga aiki, ga farashinsa, a rubuta. Kuɗin da aka biya ka a kan aiki naka ne, ba mai yi maka gori. Ina kuma ganin laifin masu mulkinmu ya fi na yara irinku yawa: suna tuna mawaƙi watanni kafin zaɓe, amma gina ɗan dandali a hedikwatar ƙaramar hukuma, ko naɗar muryoyin tsofaffin makaɗan noma kafin su ƙare, wannan ba ya cikin lissafinsu. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

In yaran mai gidan sun dawo, ka ce musu za ka yi waƙa a kan duk aikin da ya yi wanda ido ya gani, amma ba ka taɓa iyayen kowa. Kawunka kuma kada ka jira ya kira ka. Ka je ka durƙusa ka gaishe shi, bikin da za a yi nan gaba a gidansa ka yi masa waƙa kyauta.

TAMBAYA: Malam, ni malamar firamare ce a ƙasar Bebeji, jihar Kano. Ɗalibaina suna son wasan kwaikwayo, amma iyaye suna tsoro, suna cewa ai gwamnati ma ta hana harkar fim a garinmu. Haka ne?

AMSA: Malama, ba haka zancen yake ba. A 2016 gwamnatin tarayya ta sanar da shirin gina dandalin shirya fina-finai a Kofa da ke ƙasar Bebeji, malamai da jama'a da dama suka nuna ƙin amincewa, sai aka janye shirin. Wannan ba doka ba ce da ta haramta wasan kwaikwayo. Hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Kano, wadda aka kafa a 2001, aikinta duba abin da za a fitar wa jama'a ne, kamar fim da waƙa da littafi. A ganina babban kuskuren shirin Kofa shi ne an yanke shawara daga sama ba a zauna da mutanen gari ba, kuma ke kada ki maimaita shi. Ki fara da hedimasta, sannan mai unguwa da liman da shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai. Ki karanta musu labarin wasan tun kafin yara su fara gwaji, ki zaɓi abin da ya shafe su, kamar talla a lokacin makaranta ko tsabtar rijiya. A yi shi da rana a filin makaranta, a ware wa iyaye mata wurin zamansu, kuma kada a ɗauki yaran kowa a waya sai da izinin iyayensu.