Amsa ga Hajiya kan abubuwan shan da ake cewa suna ƙara lafiya

Assalamu alaikum. Hajiya, kin tambaya ko waɗannan abubuwan sha na gora da na leda da ake tallatawa a TikTok da WhatsApp, masu cewa suna wanke ciki, suna ƙara kuzari, suna sauke hawan jini, sun cancanci a saya wa Inna, wadda kika ce tana fama da hawan jini da ciwon suga. Allah ya ba ta lafiya. Na daɗe ina aiki a shagon sayar da magani a nan Sakkwato, kuma a gabana wannan kasuwa ta bunƙasa, daga shayin rage ƙiba zuwa lemon ƙarin ƙarfi, yanzu kuma ga garin zogale da na citta a kwalaye masu ƙyalli.

Gaskiya wasu daga cikin tsirran da ake sawa suna da amfani, sai dai amfanin bai kai yadda ake kururuta shi ba, kuma galibinsu a madafinmu suke tun fil azal. Ki ɗauki zoɓo. A shekarar 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi a kan mutanen da jininsu ya fara hawa amma ba su fara shan magani ba. Sun ba su kofi uku na shayin zoɓo kullum har mako shida, sai lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kimanin maki 7. Wannan abin a yaba ne, amma ga wadda jininta ke kaiwa 170 ko 180, maki 7 ba zai raba ta da maganin asibiti ba. Kuma zoɓon da aka gwada ba irin namu na buɗa-baki ba ne, wanda ake zuba wa sukari da kayan ƙamshi har sai ya yi danƙo a hannu.

Sukarin nan shi ne babban abin da nake so ki sa wa ido. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce kada sukarin da babba ke ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12, kuma ya fi kyau ya tsaya a rabin haka. Kwalbar lemo ɗaya ta santilita 35 tana ɗauke da kusan cokali 9. Da yawa daga cikin abubuwan da aka rubuta wa "na lafiya" a gaba, idan kika juya bayan gorar kika karanta, za ki tarar sukarinsu bai gaza na lemon kwalba ba, sai dai an kira shi da wani suna, ko an ce zuma ce ko dabino. Ga mai ciwon suga kuwa, zuma da dabino su ma suna ɗaga sukarin jini. Ba don banza gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari ba a dokar kuɗi ta 2021.

Shayin wanke ciki kuma ba na ba kowa shawarar sa. Yawancinsa ganyen filasko ne ko danginsa, wanda iyayenmu suka sani da sa gudawa. Mutum ya yini yana zarya zuwa bayi, ya hau sikeli ya ga ya ragu, alhali ruwan jikinsa ne ya zube. Na ga wata baiwar Allah da aka kawo shago a tsakiyar zafin watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a garin nan, leɓɓanta sun bushe, tana jin jiri, ba ta iya tsayawa sai an riƙe ta, kuma abin da ta sha ke nan kwanaki a jere. Asibiti muka ce a wuce da ita nan take. Tace dattin jini aikin hanta da ƙoda ne, kuma ƙodar mai hawan jini da suga tana buƙatar lallaɓawa.

Lemon ƙarin ƙarfi da 'yan kabu-kabu da ɗalibai ke sha lokacin jarrabawa, abin da ke aiki a cikinsa shi ne kafeyin (caffeine), sinadarin da ke cikin goro da kofi, haɗe da sukari. Yana hana barci, yana sa bugun zuciya ya ƙaru, don haka kada ya kusanci Inna.

Akwai kuma batun ƙwayoyin bakteriya masu amfani ga hanji, waɗanda ake sayar da yogot mai tsada da sunansu. Kindirmo da nonon da muke dama fura da su ta hanyar tsami ake yin su, kuma irin waɗannan ƙwayoyin ne ke tsamar da madarar. Sharaɗin kawai shi ne a tafasa madarar kafin a kwantar da ita, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko cuta daga saniya, har da tarin fuka. Haka garin 'ya'yan kuka da ake gauraya wa nono, yana da bitamin C sosai, har Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a ƙasashenta a 2008. Abin yana ba ni takaici in ga an ƙulla shi a leda mai rubutun Turanci an dawo mana da shi a farashi ninki-ba-ninki, alhali ga shi nan a mudu a Babbar Kasuwa.

Idan har za ki sayi na kwalba, ki duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar lalacewa, sannan ki karanta ƙananan rubutun. A kan magungunan gargajiya da yawa za ki ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da mai kayan ya yi ba, wato lambar ba shaidar cewa yana magani ba ce. Duk wanda ya ce miki gora ɗaya tana maganin suga da hawan jini da basir da sanyi gaba ɗaya, ki riƙe kuɗinki.

Abin da zan ba da shawara ga Inna shi ne zoɓon gida da citta da kanumfari ba tare da sukari ba, kofi ɗaya ko biyu a rana, da isasshen ruwan sha. Kunun aya a yi kaɗan a shanye a ranar, saboda zafin garin nan yana lalata shi cikin 'yan awoyi idan babu sanyi, furar ma a rage yawanta domin gero yana ɗaga suga. Kafin ta mayar da zoɓon na kullum, ki gaya wa likitanta a ranar da za ta koma ganinsa, tunda zai iya haɗuwa da maganinta jinin ya sauka fiye da kima. Ki samu na'urar awon jini ta gida, ki riƙa rubuta lambobin safe da yamma a littafi kina tafiya da shi asibiti, kuma kada ta ajiye ƙwayar magani ko ɗaya sai da izininsa.