Kai da ka tambaye ni ƙanƙara nawa ake sa wa kwali

Na ga saƙonka tun da azahar, wai Oga kilo nawa na busasshiyar ƙanƙara zan zuba a kowane kwali na kifin da zai tafi Dubai, kuma ko zan iya raba wa attarugun ragowar. Da farko na yi niyyar in share ka, don wata bakwai kana tare da ni a shagon kago, inda muke aika kaya ta jirgin sama, bai kamata a ce har yau kana haɗa attarugu da dirai ais, wato busasshiyar ƙanƙarar, a magana ɗaya ba. Abin da sanyinsa ya kai digiri 78 ƙasa da sifiri zaka ɗora kan ɗanyen attarugu? Ai kafin jirgi ya bar Legas ya daskare, yana narkewa ya zama miya. Attarugu da kuɓewa sanyi mai sauƙi suke so, wajen digiri 7 zuwa 10, jakar jel mai riƙe sanyi ta ishe su. Daskararre kuma 18 ƙasa da sifiri. Wannan ko mai gadin sito ya sani, ba zan tsaya kai ba.

Abin da yasa na zauna rubuta maka shine tambayar taka ta nuna min kana tunani irin wanda na yi har na yi asarar filina na Kano. Kana ganin ƙanƙara ce ke gyara kaya. Ƙanƙara bata gyara komai ɗana, sanyin da kaya ya zo da shi take riƙewa kawai, in ya zo maka da ciwonsa a ciki toh da ciwon zai sauka ko ka zuba masa buhu guda.

Wata shekara ana saura kwana kaɗan azumi wani Alhaji ya zo min, mutumin da muke sallah sahu ɗaya a Agege, ya ce yana da tarwaɗa da jatan lande daskararru zai aika wa wani mai shago a Dubai. Kwali 60. Ya ce daga ɗakin sanyinsa aka ɗauko su yanzun nan, kuma da gaske da motar ta tsaya na ƙwanƙwasa kwali biyu na ji su kamar dutse. Akwai guda ɗaya da na ga gindinsa ya yi taushi da wani shatin ruwa da ya bushe, wallahi idona ya gani, zuciyata ta ce buɗe, amma Alhaji na tsaye a kaina yana ta zancen jirgi zai tashi, ga kunya, mutum ya girme ni, sai na ce a juye a kwalin fom a zuba ƙanƙara a ɗaure. Ban soka ma'aunin zafi ba, ban yanka leda ko ɗaya ba, ban sa ya sa hannu a komai ba. Kuɗin jirgi ma ni na biya daga aljihuna, wai in kaya sun sauka zai turo.

Aikina a ranar babu wanda zai ce ga kuskure. Na bar wa kowane kwali hanyar fitar iska, na manna tambarin UN1845 mai lamba 9, alamar da ke nuna akwai busasshiyar ƙanƙara a ciki, na rubuta nauyin ƙanƙarar a jiki da kuma kan AWB, wato takardar jigilar kaya ta jirgi, takardun lafiyar kaya duk sun cika. Jirgi ya tashi kan lokaci, awa 8 ya sauka. Masu duba abinci a can suka buɗe kwali uku, suka buɗe goma, suka ƙi kayan gaba ɗaya. An turo min hoto, har yau yana wayata. Kifin ya dunƙule wuri ɗaya, a ƙasan leda ga ruwan jini da ya taru ya koma ƙanƙara ja, jatan landen kansu duk ya yi baƙi. Duk wanda ya san kifi ya san ma'anar wannan, kaya ne da suka narke aka sake daskarar da su. Kuma ƙanƙarata na nan a kwalin bata ma ƙare ba!

Suka lalata kayan, kuɗin lalatawa da na ajiya suka dawo kaina tunda sunana ke kan takarda. Na je wa Alhaji sai mutumin nan ya kalli tsabar idona ya ce shi lafiya lau ya ba ni kaya, ni na bar su a rana. Aka kai magana gaban manya, aka tambaye ni ina shaida, hoton da na nuna aka ce ai wannan a can aka ɗauka, wa ya san inda suka narke. Ba ni da ko layi ɗaya a rubuce na ranar da na karɓa. Aka ce a yi sulhu, na haƙura da kuɗin jirgi, in biya rabin kuɗin kaya. Filin da na saya a hanyar Zariya don in yi wa yara gini shi na sayar. Sai bayan fiye da shekara yaron shagonsa da suka ɓata ya same ni ya ce Oga janaretan ɗakin sanyin ne ya mutu kwana biyu babu wuta, da aka gyara Alhaji ya ce a rufe ƙofa a bari su sake kamawa kar wanda ya ji. Har yau in na gan shi a masallaci sai na canza sahu, na bar shi da Allah amma ban yafe ba.

Shi yasa kake gani ko uban wa ya kawo kaya sai na yanka kwali, kuna bayana kuna cewa Oga ya cika tsanani. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ka zaɓi kwali da kanka daga tsakiyar mota, ba wanda mai kaya ya miƙo maka ba, ka sa ma'aunin tsakanin ledoji ka jira lambar ta tsaya, ka duba gindin leda, ka ɗau hoto da agogo a jiki, ka rubuta, ya sa hannu. In ya ce sauri yake ya tafi da kayansa. Sannan ka jefa 'yar na'urar nan mai rubuta zafi a cikin kwali ɗaya ko biyu, kuɗinta bai kai na katin da kuke ƙonawa a TikTok ba, amma ita zata faɗi awar da kaya suka ɗumama da inda suke a lokacin. Ku yaran yanzu waya na hannunku dare da rana, hoton takalmi kun iya, hoton kayan da zai iya cinye muku jari ne sai an roƙe ku.

Maganar kilo kuma, babu lamba ɗaya. Kwalin fom mai kauri yana cin kilo 2 zuwa 4 a kwana, mai siriri ya fi haka, kuma kar ka yi lissafi da awa 8 na sama. Lissafa daga lokacin da ka rufe kwali, zaman layin sikana, zaman falet, wato abin da ake jera kwalaye a kai, a kan kwalta gefen jirgi rana na dukansa, in ta Addis Ababa ko Alƙahira zai bi ka ƙara jiran jirgi na biyu, sannan kwastam na can. Ni kwana uku nake sa wa. Ka kuma duba ranar sauka, tun 2022 hutun Dubai ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a rabin wuni, wasu har yau da tsohon lissafi suke aiki. Ka kira kamfanin jirgi tun yau ka faɗa musu jimillar ƙanƙarar don kowane jirgi yana da iyakar da yake ɗauka, iskar da take fitarwa tana shaƙe mai rai. Kuma kar in sake ganin ka naɗe bakin kwali da salatif ruf kamar na wancan makon, kumbura zai yi ya fashe.

Motar kifin ƙarfe 6 zata iso gobe. Ka riga ta zuwa, ka taho da safar hannu da wuƙa, ma'aunin yana cikin durowar teburina ta ƙasa, ka canza masa batir.