Dresden zan je, dillali ya ce in nemi bizar wata ƙasa

Tambaya: Ni ce ke koyar da mawaƙan cocinmu. Shekara uku ina tara kuɗi don in je Dresden ta Jamus, in ga cocin Frauenkirche, in saurari yaran ƙungiyar mawaƙan coci ta Kreuzchor da kunnena. Samun ranar ganawa don bizar Jamus ya yi wuya. Wani dillali ya ce zai samo min bizar wata ƙasar Turai haɗe da takardar otal ta can, wai ai Shengen ɗaya ce, wato ƙasashen Turai da ake zagayawa da biza guda. Hankalina bai kwanta ba. In biya shi?

Amsa: Malama, kada ki ba shi ko sisi. Wannan magana ta "Shengen ɗaya ce" na ji ta har na gaji, kuma kullum daga bakin wanda ba shi zai tsaya gaban ɗan sandan kan iyaka ba.

Gaskiya ne bizar tana ba ki damar zagayawa, kwana 90 cikin 180. Amma doka ta ce ki nema a wurin ƙasar da za ki fi daɗewa a cikinta. Sai idan kwanakin sun zo daidai ne ake komawa kan ƙasar da za ki fara shiga. Ke kuwa Dresden kika nufa, saboda haka Jamus ce mai ba ki biza, babu wata kwana-kwana.

Ga yadda abin ke ɓaci. Kin sauka Frankfurt, jami'i ya buɗe fasfo, ya ga bizar wata ƙasa, ya ce ina otal ɗinki, ina tikitin ƙarasawa can? Ki miƙa takardar dillali, ya ɗaga waya ya kira otal ɗin, aka ce an soke ajiyar tun makonni da suka wuce. Haka suke yi, da biza ta fito sai su soke. A nan take yana da ikon soke bizar ya mayar da ke gida. Biza ba alkawarin shiga ba ce, izinin zuwa bakin ƙofa ne. Kuma zanen yatsunki yana cikin rumbun da duk ƙasashen ke dubawa, gobe ko wace ƙasa kika tunkara za ta gani. Dillali fa? Ya kashe waya, ya ci kuɗinki.

Ban ce jiran da ake sa mutane yana da daɗi ba, wulaƙanci ne. Maganinsa sammako: ana karɓar takardu tun wata shida kafin tafiya. Kuɗin biza yuro 90 ne, sai inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da ajiyar otal ta gaske da sunanki. Ki rubuta dalilin tafiyar yadda kika rubuto mana, ki haɗa da wasiƙar cocinku.

Tafiyar ta cancanci wahalar. Frauenkirche ta rushe bayan ruwan bama-baman Fabrairun 1945, ta zauna kufai kusan shekara 50, aka sake buɗe ta a 2005. Ki matsa kusa da bango: baƙaƙen duwatsun da za ki gani tsakanin farare, tsofaffin ne da aka tsinto daga ɓaraguzai aka mayar. Yaran Kreuzchor kuwa a cocin Kreuzkirche suke waƙa, yawanci Asabar da yamma, amma ki duba jadawalinsu tukuna, suna fita rangadi kuma suna hutu. Ɗakin zane-zanen da ke fadar Zwinger ba ya buɗewa ranar Litinin, kada ki ɓata ranarki. Da la'asar ki hau dandalin Brühl ki kalli kogin Elbe.

Idan kuma kin hango wani gini mai ƙubba da hasumiya daga tagar jirgin ƙasa, kada ki dawo ki ce kin ga babban masallaci. Sunansa Yenidze, tsohuwar masana'antar taba sigari ce ta 1909, hasumiyar ma bututun hayaƙi ne.