Amsa: Glucophage na ɓata ma Hajiya ciki, ta daina sha ne?

Salamu alaikum ɗan uwa, Allah shi ba Hajiya lahiya. Ka ce tunda lokotoro ya rubuta mata Glucophage take zawo da tashin zuciya, kana tambaya ko ta aje ta koma ma sassaƙe. Don Allah kar ta aje da kanta. Glucophage shi ne metformine, maganin ciwon suga, kuma wannan ɓacin cikin sananne ne a farkon sha, yawanci sati ɗaya ko biyu ya lafa. Ta riƙa haɗiye ƙwayar tsakiyar cin tuwo ko da ta gama, ba da ciki wayam ba, in abin ya ƙi ku koma wajen lokotoron, sau da yawa ana farawa da 500 mg ne a hau a hankali.

Amma in zawon ya yi tsanani ko amai har ruwa bai zama cikinta, ga zahin Tahoua ka sani, to ta tsaida maganin ku tai asibiti ranar nan, saboda ƙoda ce ke fidda shi daga jiki, kuma rashin ruwa a jiki na raunana ta, shi ya sa ake awon créatinine, wato awon jini na duba aikin ƙoda, lokaci lokaci.

Ka duba ordonans ɗin ko akwai Daonil, wani maganin ciwon suga, shi kam in an sha ba a ci abinci ba suga na faɗuwa, sai rawar jiki da zufa da jiri, a ba ta suga ƙwaya 3 a ruwa nan take. In ta manta sha kar ta haɗa biyu. Kuma ku saya a farmasi, banda na masu tire da ke yini cikin rana.