Tambaya da Amsa: Hawa Dutsen Tubkal a Yini Guda

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne daga Harobanda, Yamai, na samu gurbin karatu a Marakesh, ƙasar Maroko. Abokaina da ke can sun ce idan na iso za mu hau Dutsen Tubkal mu sauko a yini guda, tunda dukanmu ƴan ƙwallo ne. Zai yiwu? Me zan tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗanmu, Allah ya sa a yi karatu a sa'a, amma maganar yini guda ka ajiye ta. Tubkal shi ne dutse mafi tsawo a Arewacin Afirka, mita 4,167, yana cikin gandun da hukuma ta keɓe tun 1942. Ana soma hawa daga ƙauyen Imlil, kimanin kilomita 65 kudu da Marakesh ta hanyar Asni; ƙauyen yana mita 1,740 sama da teku. Kenan mita 2,400 da ɗoriya za ka ɗaga jikinka da ƙafa. Daga Imlil zuwa masaukin masu hawa, a mita 3,207, sa'a biyar zuwa shida ne. Daga nan zuwa ƙololuwa sa'a uku zuwa huɗu. Idan ka haɗa da saukowa, za ka haura sa'a 14 kana tafiya.

Gajiya ma da sauƙi. Abin da ke kayar da matasa irinku shi ne ƙarancin iska. Yamai ba ta wuce mita 200 da kaɗan sama da teku ba, a can sama kuwa kowane numfashi kusan kashi 60 cikin 100 na iskar da ka saba sheƙa yake ba ka. Jiki yana buƙatar kwana kafin ya saba, kuma buga ƙwallo ba ya hanzarta wannan. Sau da yawa ma mai ƙarfi ne ke fara jigata, don yana hawa da sauri. Daga mita 2,500 ciwon tsauni kan soma: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, abinci ya fita daga rai. Wanda ya ji haka ya tsaya, kada ya ƙara hawa. Idan kuwa ya fara tangaɗi, ko magana ta rikice masa, ko yana haki alhali yana zaune, ko tari mai kumfa, a sauko da shi nan take ko da dare ne, kuma kada a bar shi ya sauka shi kaɗai. Saukowar mita 500 kan kawo sauƙi.

Don haka ku yi kwana biyu. Ranar farko ku isa masauki ku kwana, kashegari ku tashi tun kafin asuba da fitilar goshi. Ku yanke lokacin juyowa tun kuna ƙasa, misali ƙarfe goma sha ɗaya, ko kun kai ko ba ku kai ba. In kuwa yini guda kawai kuke da shi, ku bi ta ƙauyen Armed zuwa Sidi Shamharush, wajen mita 2,300, inda akwai wani ƙaton dutse da aka shafe da farin fenti da ƴan rumfunan shayi. Sa'a biyu zuwa uku ne, kuma za ku dawo Imlil kafin la'asar. Tun bayan kisan wasu ƴan yawon buɗe ido biyu a Disamban 2018, hawa ƙololuwa sai da ɗan jagora mai takardar izini, kuma akwai shingen jandarmomi a hanya, saboda haka fasfo ɗinka ya kasance a aljihu.

Kaya kuma: kowace mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kamar digiri shida. Ranar da Marakesh ke kan digiri 30, ƙololuwa na iya zama shida ko bakwai, ban da iska. Ka sa riguna uku a jere maimakon ƙatuwa guda: ta ciki wadda ba auduga ba, don auduga na riƙe gumi ta sanyaya ka, sai mai ɗumi, sai mai tare iska. Safar hannu, hular sanyi, baƙin tabarau. Ruwa lita uku, a riƙa kurɓa a kai a kai. Dabino, gyaɗa da burodi sun isa guzuri; kilishi ka bar shi sai an sauko, ƙishi yake jawowa. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ƙanƙara ce a sama, sai da ƙarafan da ake ɗaura wa takalmi, kuma wannan ba hawan sabon shiga ba ne. Ku zaɓi Yuni ko Satumba.

Tambaya: Ni uwa ce daga Tawa. Ɗana da ke karatu a Maroko yana son bin abokansa hawa dutsen nan. Ƙanwarsa tana da sikila, shi dai bai taɓa ciwo ba. Akwai abin tsoro?

Amsa: Hajiya, kin yi daidai da kika tambaya. Tunda ƙanwarsa na da sikila, akwai yiwuwa sosai shi AS ne, wato ya gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyaye, bai sani ba. Mai AS yakan yi rayuwarsa lafiya lau a ƙasa, amma a sama, inda iska ta yi ƙaranci ga gajiya ga ƙishi, ƙwayoyin jininsa na iya lanƙwashewa su toshe jijiyoyin saifa. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗa, tare da amai. Ana yawan ɗaukarsa murɗar ciki, a ba mutum magani a ci gaba da hawa, kuma nan ne haɗarin yake. Abin yi shi ne a sauko da shi a kai shi likita, a kuma faɗa musu daga tsauni yake. Ki sa shi ya yi gwajin jinin da ke nuna AA ne ko AS kafin ya sayi ko takalmi. Idan AS ne, ya nemi shawarar likita, ya hau a hankali, ya kuma sanar da ɗan jagora. Mai SS ko SC kuwa, wato mai ciwon sikila, ƙololuwar nan ba tasa ba ce.

Tambaya: Na sayi sabon takalmin hawa a Yamai, tafiyarmu saura wata guda. Yaya zan shirya ƙafata?

Amsa: Malam, fara sa shi yau, da irin safar da za ka hau da ita. Ka samu bene ka riƙa hawa da sauka minti 30 zuwa 40, sau uku a mako, da jaka mai kilo biyar a baya. Mutanen Adar kuwa tuddai na nan kusa da su. Ka fi ba saukowa muhimmanci, don hanyar da ke sama da masauki tsakuwa ce mai zamewa, a nan gwiwa ke rawa, yatsu na dukan bakin takalmi har farce ya yi baƙi. A bar sararin yatsa guda gaban babban yatsa, a yanke farce kwana biyu kafin tafiya, a ƙara ɗaure igiya a wuyan ƙafa kafin a juyo. Duk wurin da ka ji ya fara zafi, tsaya ka manna filasta tun bai yi bororo ba.