Me Ya Sa Sabuwar Talabijin Ba Ta Nuna Hoto Garau?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi sabuwar talabijin ta bango a Sabon Gari, amma tashoshin gida da nake kamawa da eriya har yanzu dishi-dishi suke. Ina matsalar take? Daga mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Mai yiwuwa talabijin ɗinka lafiyarta ƙalau, domin ba ta iya nuna abin da ya fi wanda aka aiko mata. Kafin hoto ya iso ɗakinka garau, dole ne tasha ta sauya kyamarori da na'urorin tace hoto, ta aika shirin ta wayar fayiba ko tauraron ɗan Adam zuwa turken watsawa, shi ma turken ya koma tsarin dijital na DVB-T2 da Najeriya ta zaɓa. Wannan tsari yana matse bayanai, har zangon watsawa ɗaya da a da yake ɗaukar tasha guda ya ɗauki tashoshi da dama.

Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta fara wannan sauyi zuwa dijital a Jos a 2016, ya iso Kaduna a ƙarshen 2017, amma a ganina tafiyar ta yi nawa ƙwarai, tun da wa'adin kammala sauyin da aka sanya wa ƙasashen Afirka da Turai ya cika tun Yunin 2015.

Ka duba ko talabijin ɗinka tana karɓar DVB-T2. Idan ba ta yi, sai ka haɗa mata dikoda. Ka ɗaga eriyarka sama da rufin kwano, ka kuma sauya wayar idan ta tsattsage, domin siginar dijital idan ta yi rauni hoton daskarewa yake yi ko ya ɗauke gaba ɗaya.