Amsa: Tauraro a gurbin sakamakon yara

Malama, kin tambaya me ya sa a rahoton makarantar 'ya'yanki a Amurka aka sa alamar tauraro a gurbin sakamakon yara masu koyon Turanci. Ba kuskure ba ne, da gangan aka ɓoye.

Dokar ilimi ta Amurka mai suna ESSA ta 2015 ta wajabta a fitar da sakamako rukuni-rukuni: ƙabila, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, masu buƙata ta musamman, da masu koyon Turanci. Sai dai kowace jiha ita ke yanka adadin da rukuni zai kai kafin a lissafa shi, galibi daga 10 zuwa 30; in bai kai ba, sai a sa tauraro a gurbinsa. In yara shida ne aka ce ɗaya ya faɗi, kowa a makarantar zai gane wane ne, alhali dokar FERPA ta hana fallasa bayanan ɗalibi. Ga shi kuma yaro ɗaya cikin shida kusan kashi 17 cikin ɗari ne, ranar da ya tashi da zazzaɓi sai alƙaluman su kife.

Ni kam 30 ya yi mini yawa, domin makarantar da ke da irin yaran 25 za ta sha ba mai tuhumarta a kansu. Ki duba rahoton gunduma, can ake haɗa makarantu, adadin yakan cika.